Sawun Alƙalamin Gashi a Ƙasar Sin

A watan Janairun 2019 gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Tokyo ya baje wata takarda da ya aro daga Taipei. Tsawonta bai kai mita ɗaya ba. Ba zanen tsuntsu a jikinta, ba na dutse, rubutu ne kawai da baƙar tawada, an soke wasu wurare an sake rubutawa a gefe. Amma mutane sun yi dogon layi domin a bar su su tsaya gabanta na ɗan lokaci, a babban yankin ƙasar Sin kuwa rai ya ɓaci ƙwarai, ana ta tambayar dalilin da zai sa hukumomin Taiwan su ɗauki takardar da ta haura shekara 1,200 su kai ta Japan, ƙasar da ta taɓa mamaye Sin. Daftari ne fa, ba a ma gyara shi ba. Abin da ya sa daftari zai tayar da irin wannan ƙura yana da dogon tarihi, kuma a wurin bokaye ya faro.

Rubutun Sinanci mafi tsufa da ake da shi yana jikin ƙoƙon kunkuru da allon kafaɗar sa, daga zamanin daular Shang, wajen shekara 1,200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Masu duba na fada sukan ƙona ƙashin har ya tsage, su fassara tsagar, sannan a sassaƙa tambayar sarki a gefe: za a yi ruwa, za a ci yaƙi, matar sarki za ta sauka lafiya? Manoman yankin Anyang sun daɗe suna haƙo waɗannan ƙasusuwa suna sayar wa masu magani a daka su a sha, sai a 1899 wani malami a Bejin mai suna Wang Yirong ya gane cewa rubutu ne a jikinsu. Daga ƙashi aka koma tukwanen tagulla. Da Qin Shi Huang ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin Miladiyya, wazirinsa Li Si ya tsayar da salon rubutu guda ga duk daular. Kyakkyawa ne amma mai cin lokaci, don haka magatakardan daular Han, masu rubuta haraji da shari'a a kan siraran gora, suka miƙar da lanƙwashe-lanƙwashensa domin aiki ya yi sauri. Daga gaggawar ma'aikata aka sami sauran salo: tsayayye wanda yara ke fara koya, mai ɗan gudu wanda ake wasiƙa da shi, da mai gudu sosai wanda haruffa ke sarƙewa har sai gwani zai karanta.

Kayan aikin ne suka mai da wannan rubutu fasaha, don haka ya kamata a dube su da kyau. Alƙalamin na gashi ne, na akuya ko na zomo, an ɗaure shi a bakin gora, yana da ciki mai riƙe tawada da tsini mai laushi. Tawadar kuwa sanda ce busasshiya, an kwaɓa baƙin hayaƙin itace da danƙon fata. Duk wanda ya taɓa haɗa tawadar allo da gawayi da ƙaro ya san asalin dabarar. Mai rubutu zai ɗiga ruwa a kan wani dutse mai santsi, ya riƙa goga sandar a hankali har ruwan ya yi kaurin da yake so, kuma a wannan gugar ce hankalinsa ke kwanciya. Takardar da suka fi so, wadda ake yi a gundumar Jing ta lardin Anhui da ɓawon itace da karan shinkafa, tana shan tawada nan take. Idan ya danna, layi ya yi kauri. Idan ya ɗaga, ya sirance. Idan ya yi jinkiri, tawada ta bazu. Idan ya yi sauri da busasshen alƙalami, gashin ya rarrabu ya bar fari-fari a cikin baƙi. Ba a gogewa, ba a komawa a gyara. Kuma da yake kowane harafi yana da tsarin da ake bi wajen ja, wannan kafin wancan, duk wanda ya iya rubutu yana iya bin sawun hannun da idonsa, ya ga inda marubucin ya tsaya, inda ya yi shakka, inda ya zabura. Mutum ya mutu shekara 1,000 da suka wuce, amma motsin hannunsa na wata safiya yana nan. Wannan ne abin da Sinawa suke kallo a rubutu, kuma shi ya sa suka ɗora shi sama da zanen hoto tsawon ƙarnoni.

Tun a ƙarshen daular Han abin ya fara zama jaraba. Wani malami mai suna Zhao Yi ya rubuta maƙala yana caccakar samarin zamaninsa waɗanda ke kwana suna kwaikwayon rubutu mai gudu, leɓɓansu da haƙoransu sun yi baƙi da tawada, alhali, a ganinsa, ba ya amfanin mulki ba ya amfanin karatu. Bai yi nasara ba. Takarda, wadda ake danganta ingantata ga Cai Lun a shekara ta 105, tana ta yaɗuwa, kuma manyan gidaje sun fara adana wasiƙun junansu saboda kyan hannu kawai.

Sunan da ya danne kowa shi ne Wang Xizhi. A bazarar shekara ta 353 ya tara abokai da 'yan'uwa wajen 40 a wata rumfa da ake kira Lanting, kusa da garin Shaoxing na yanzu. Suka zauna a bakin wata ƙorama, ana sako kofunan giya a kan ruwa, wanda kofi ya tsaya gabansa sai ya tsara waƙa ko ya sha. Aka tara waƙoƙi 37, Wang ya rubuta musu gabatarwa a nan take, haruffa 324 a layi 28, da 'yan gyare-gyare. Akwai wani ƙaramin harafi da ya maimaitu wajen sau 20, kuma kowanne da irin tsayuwarsa. Labari ya ce ya yi ta ƙoƙarin sake rubuta ta daga baya a tsanake, bai ƙara samun irinta ba. Bayan kusan shekara 300 Sarki Taizong na daular Tang ya kamu da son ta, ya sa aka karɓo ta da wayo daga hannun wani dattijon malamin addinin Buddha, ya sa gwanayen fada suka kwafe ta, kuma ana cewa da ya mutu a 649 tare da ita aka binne shi. Yau babu ko takarda ɗaya da aka tabbatar ta fito daga hannun Wang Xizhi kai tsaye. Kwafi ne duka, amma a kansu aka gina ma'aunin kyan rubutu na ƙasa baki ɗaya.

A nan sarauta ta shigo, kuma ba ta sake fita ba. Taizong yana haɗa kan ƙasar da ta daɗe a rabe, kuma fifita hannun wani ɗan kudu a fadar arewa yana cikin wannan aiki. Jarrabawar shiga aikin gwamnati, wadda ta kafu tun zamanin Sui da Tang ta kai har 1905, ta sa alƙalamin gashi ya zama hanyar cin abinci da samun muƙami. A zamanin Tang kyan rubutu na cikin abubuwa 4 da ake dubawa kafin a naɗa mutum, tare da kamala, iya magana da iya yanke hukunci. Aka kuma yi imani cewa rubutu shaida ne a kan halin mai shi. Ana ba da labarin Liu Gongquan, wanda sarki ya tambaye shi sirrin riƙon alƙalami, ya amsa masa da cewa miƙewar alƙalami daga miƙewar zuciya take, sarkin kuma ya gane nasiha ake masa.

Takardar da ta je Tokyo daga wannan zamani ta fito. A 755 wani babban kwamanda, An Lushan, ya yi tawaye, garuruwan arewa suka yi ta miƙa wuya. Yan Zhenqing da ɗan baffansa Yan Gaoqing, dukansu gwamnoni, suka ƙi. Aka kewaye garin Changshan inda Gaoqing yake, taimakon da ya nema bai zo ba, garin ya faɗi, aka kashe shi da ɗansa Jiming da mutanen gidansu fiye da 30. A 758 Yan Zhenqing ya aika a nemo gawarwaki, na saurayin kai kawai aka samo. Sai ya zauna ya tsara jawabin makoki. Layukan farko a natse suke, kwanan wata da muƙamansa, kamar kowace takardar hukuma. Da ya iso inda zai ambaci wanda ya ƙi kawo ɗauki, sai ka ga ya rubuta ya soke, ya sake. Ya daina tsayawa ɗibar tawada a kan kari, alƙalami ya bushe yana kartar takarda, haruffa suka fara karkacewa suna hawa kan juna, na ƙarshe kuwa da ƙyar ake gane su. Mutumin da ya shahara da tsayayyen rubutu mai ƙarfi, wanda har yau yara ke kwaikwaya a makaranta, ga shi hannu ya kufce masa. Sinawa suka jera wannan daftari a matsayi na biyu bayan na Wang Xizhi. Shi kansa Yan, yana tsoho, wani ɗan tawayen ne ya sa aka shaƙe shi saboda ya ƙi sauya ubangida.

Na ukun a wannan jeri ma ba aikin fada ba ne. Su Shi ne ya rubuta shi lokacin da aka kore shi zuwa Huangzhou a shekarun 1080, waƙoƙi biyu na mutumin da ruwan sama ya tsare cikin talauci. Shi da abokansa na daular Song, irin su Huang Tingjian da Mi Fu, sun ɗauki bayyanar halin mutum sama da bin ƙa'ida, kuma su suka ɗaure zane da rubutu wuri guda: alƙalami ɗaya, tawada ɗaya, a zana gora da irin jan da ake rubuta harafi, a sa waƙa a gefe, a buga jan hatimi. Wanda takardar ta shiga hannunsa daga baya shi ma ya ƙara nasa bayanin da hatiminsa. Sarki Qianlong a ƙarni na 18 ya wuce gona da iri a nan: kwafin wata gajeriyar wasiƙa ta Wang Xizhi mai haruffa 28 ya cika shi da hatimai da sharhi sau da dama har abin da ya ƙara ya ninka asalin.

Maganar cewa rubutu na tona halin mutum ban yarda da ita duka ba, kuma tarihin Sin ɗin ne ya ba ni hujja. Sarki Huizong na daular Song ya ƙirƙiro wani siririn salo mai kaifi wanda ba a taɓa ganin irinsa ba, amma ƙasa ta lalace a hannunsa, a 1127 mayaƙan Jurchen suka kama shi suka tafi da shi arewa inda ya mutu a tsare. Wazirinsa Cai Jing, wanda tarihi ke la'anta, gwanin alƙalami ne na gaske. Zhao Mengfu kuma, jinin sarautar Song da ya karɓi aiki a hannun Mongol, an yi ƙarnoni wasu na cewa rubutunsa ba shi da ƙashi, alhali siyasarsa ce ba su yafe ba. Sau da yawa abin da mutane suka riga suka sani game da marubuci shi suke gani a takardar. Abin da na yarda da shi ƙarami ne amma ya fi ƙarfi: rubutu na nuna yanayin da hannu yake ciki a lokacin da yake tafiya.

Fasahar ta ƙetare zuwa Koriya da Japan da Biyetnam tare da haruffan. A cikin Sin kanta, Musulmin ƙabilar Hui sun ɗauki ɗabi'ar alƙalamin gashi suka rubuta Larabci da ita, aka sami salon da ake kira Sini, mai kauri a tsakiya da siririn ƙarshe, wani lokaci a jere daga sama zuwa ƙasa. Ana ganinsa a babban masallacin Xi'an da masallacin Niujie na Bejin, kuma a zamaninmu Haji Noor Deen Mi Guangjiang, wanda ya yi karatu a Masar, ya kai shi duniya.

Jarrabawar da ta ɗaukaka rubutu ita ce kuma ta daskarar da shi. A zamanin Ming da Qing ɗalibai sun koma wani salo baƙi, murabba'i, sumul, wanda ba ka bambance hannun wannan da na wancan. Masu neman mafita a ƙarni na 18 da na 19, daga Deng Shiru zuwa Kang Youwei, suka koma ga tsofaffin allunan dutse na arewa waɗanda masassaƙan da ba a san sunansu ba suka sara, suka ce a nan ƙarfin yake. Ana cikin haka aka soke jarrabawar a 1905, daular kanta ta faɗi a 1912, alƙalamin ƙarfe da fensir suka shiga makarantu. Wasu manyan 'yan boko na lokacin, irin su Qian Xuantong da Lu Xun, sun kai ga ganin cewa haruffan ne ke riƙe ƙasar a baya, gara a bar su. Ba za a ce ba su da dalili ba. Wannan fasaha ta masu hali ce da masu lokaci. Manomi sai dai ya je wurin malamin ƙauye a rubuta masa baitoci a jar takarda ya manna a ƙofa ranar sabuwar shekara, kuma a 1949 kusan kashi 80 cikin 100 na jama'a ba su iya karatu ba. Gwamnatin Kwaminis ta sauƙaƙa haruffa daga 1956, ta fito da tsarin pinyin na rubuta Sinanci da baƙaƙen boko a 1958, jaridu kuma suka koma jera layi daga hagu zuwa dama.

Sai dai jagoran juyin, Mao Zedong, shi kansa mai son alƙalamin gashi ne, mai bin salon gudu na Huaisu, wani malamin addinin Buddha na zamanin Tang. Sunan jaridar jam'iyya da ke saman shafin farko har gobe da hannunsa yake, haka rubutun da ke gaban hasumiyar tunawa da jarumai a dandalin Tiananmen, na bayanta kuma hannun Zhou Enlai ne. Da juyin al'adu ya ɓarke a 1966, matasa suka farfasa allunan dutse, suka ƙone tsofaffin takardu. Shen Yinmo, ɗaya daga cikin manyan gwanayen ƙarnin, tsoho a Shanghai, da kansa ya jiƙa ayyukansa a ruwa har suka zama dusa ya zubar, don tsoron abin da za a same shi da shi. A daidai wannan lokaci kuma ba a taɓa riƙe alƙalamin gashi da yawa haka ba, domin da shi ake rubuta manyan takardun bango na zargi da tonon silili waɗanda suka lulluɓe makarantu da masana'antu. Akwai gwanayen baya da suka fara gyara hannunsu a kwafar irin waɗannan takardu.

Bayan rasuwar Mao a 1976 abin ya farfaɗo da ƙarfi. An kafa ƙungiyar masu wannan fasaha ta ƙasa a 1981, gasa da nune-nune suka yawaita, kwalejin zane ta Hangzhou, wadda ta buɗe sashen koyar da rubutu tun 1963, ta shiga yaye masu manyan digiri. Matasa masu zane suka fara taɓa tushen abin. Xu Bing ya shafe shekaru yana sassaƙa haruffa wajen 4,000 waɗanda ya ƙirƙira, kowanne kamar na gaske amma babu mai ma'ana, ya buga littattafai da su ya baje a Bejin a 1988, masu kallo suka yi ta neman ko harafi ɗaya da za su iya karantawa. Wang Dongling yana rubutu a ƙasa da alƙalami mai tsawon sanda, yana ɗora harafi kan harafi har karatu ya gagara, wasu na yabo, wasu na cewa ɓarna ce. Kuɗi ma ya shigo. A 2010 an yi gwanjon wani dogon rubutu na Huang Tingjian a Bejin kan yuan miliyan 436.8. Tsohuwar al'adar neman babban mutum ya rubuta sunan shago ko kamfani ta zama ƙofar cin hanci: Hu Changqing, mataimakin gwamnan Jiangxi da aka zartar wa hukuncin kisa a 2000, rubutunsa ya cika allunan shagunan birnin Nanchang, kuma da asirinsa ya tonu aka bi ana kankare su.

A 2009 hukumar UNESCO ta sa wannan fasaha cikin jerin al'adun da bil'adama ya gada. A wuraren shaƙatawa na birane za ka tarar da tsofaffi da sassafe riƙe da doguwar sanda mai soso a baki, suna tsoma ta a bokitin ruwa suna rubuta waƙoƙin da suka haddace a kan daɓe, masu wucewa suna tsayawa su yi gyara ko su yaba. Lokacin sabuwar shekara jajayen takardu na nan a ƙofofi, ko da yake yawancinsu yanzu daga injin ɗab'i suke fitowa.

Duk da wannan armashi akwai abin da ke damuna. Manyan ayyuka ukun da Sinawa suka fifita, gabatarwar Wang, makokin Yan da waƙoƙin Su Shi, babu wanda aka yi domin baje koli. Mutane ne da alƙalamin gashi ya zama musu kamar yatsa, suna da abin faɗa, hankalinsu na kan maganar, kyan ya zo da kansa. Gwanin yau yakan kwafi waƙar wani, a kan takardar da aka auna da bangon zauren nuni, yana sane da alƙalan gasa. Hannunsa na iya fin na magabata ƙwarewa, amma ba da wannan alƙalami yake rubuta wa ɗan'uwansa ta'aziyya ba. Da waya yake yi, ya danna lafazin kalma da baƙaƙen pinyin, na'ura ta jero masa haruffa ya zaɓa. Ido na gane harafin, hannu kuwa yana mantawa da yadda ake gina shi, kuma wanda hannunsa bai san tsarin ja ba, ba zai iya bin sawun Yan Zhenqing ba ko an ajiye masa takardar a gabansa.

Hukuma ta farga. Tun 2011 ma'aikatar ilimi ta umarci makarantun firamare su ware darasi ɗaya a mako domin alƙalamin gashi daga aji 3 zuwa aji 6. A 2013 gidan talabijin na ƙasa ya fara wata gasar shifta, inda ake faɗa wa 'yan makaranta kalma su rubuta da hannu a gaban kyamara, kuma shirin ya karɓu fiye da yadda aka zata. An kuma zaunar da manya a cikin zauren suna gwada tasu sa'ar a gefe. Da aka zo kan kalmar da ake kiran kwaɗo da ita, wadda kowane yaro ke faɗa a wasa, mafi yawan manyan nan ba su iya rubuta ta daidai ba.